Ɗanku Ya Girma, Ci Ya Fi Ƙarfinsa: Jagora Ga Iyaye

Da dare an bar tukunya da saura, da safe kun tarar an suɗe ta tas. A ɗakinsa akwai ledojin biskit da kwalaben lemo a ƙarƙashin gado. Wandon da ya saya wata shida da suka wuce ya daina shigarsa, ɗan hawan bene kaɗan sai haki, kuma da an taɓo maganar sai ya miƙe ya bar wurin. Ba yaro ba ne balle a ƙwace kwano daga hannunsa. Shekarunsa 28 ko 35, kuma kun san akwai abin da ke cinsa a zuci tun kafin jikin ya fara nunawa: aiki ya ƙare, aure ya mutu, karatu ya tsaya, ko wani ciwon ƙwaƙwalwa da ake fama da shi.

Abin da wannan jagora ta tsaya a kai shi ne: ba ku da iko da lomar baligi, kuma duk ƙoƙarin gadin lomar ƙara dagula lamarin yake yi. Abin da ke hannunku shi ne bakinku, tsarin gidanku, kuɗinku, da hanyar da za ta kai shi gaban likita. Za mu riƙa cewa “ɗa” don sauƙin magana, amma bayanin ya shafi 'ya mace daidai wa daida.

Mataki na farko: ku gane wane irin ci ne

Yawan ci ba iri ɗaya ba ne, kuma maganin wani ba ya yi wa wani. Ku ɗauki mako biyu kuna lura kawai, ba tambaya, ba bincike a ɗakinsa, ba ƙirga loma. Ku duba lokacin da yake ci, a gaban mutane ko a ɓoye, da yadda yake kasancewa bayan ya gama.

Akwai cin sabo: babban kwano, ƙari sau biyu, lemon kwalba a kowane zama, amma a fili ake yi kuma mai yin ba ya jin komai a ransa. Akwai cin huce haushi, wanda ke zuwa bayan ɓacin rai, kaɗaici ko zaman banza. Sai na uku, wanda shi ne ciwo na gaske mai suna a littattafan likitoci, wato ciwon zarin ci. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ware shi a matsayin cuta mai zaman kanta a 2013, kuma yana cikin kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022.

Alamominsa a bayyane suke. Mutum ya cinye abinci mai yawan da ya wuce misali cikin ɗan lokaci, kamar awa biyu, yana jin ba zai iya tsayawa ba ko da ya so. Yana ci da sauri fiye da yadda ya saba, yana ci ba yunwa, yana ci har cikin ya yi masa ciwo, yana ɓuya don kunya, bayan ya gama kuma ya tsani kansa. Idan haka na faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har tsawon wata 3, likita zai kira shi ciwo. Mabuɗin gane shi ba yawan abincin ba ne kaɗai, ƙwacewar linzami ne. Wanda ke cikin wannan hali ba daɗi yake ji ba. Sau da yawa ko ɗanɗanon abin ba ya ji bayan lomomin farko.

Ku lura da abu guda kuma: shin yana shiga banɗaki da zarar ya gama ci, ya saki famfo don kada a ji? Akwai maganin sa gudawa ko na sa yawan fitsari a wurinsa? Haƙoransa sun fara zaizayewa, kumatunsa sun kumbura ta wajen muƙamuƙi? Wannan wani ciwon ne daban, na ci a amayar, kuma ya fi gaggawa, domin amai da gudawar gangan suna zubar da sinadarin potassium daga jini, raguwarsa kuma na iya hargitsa bugun zuciya ko da mutum na da ƙiba.

Mataki na biyu: ku nemo abin da ke tura shi

A nan iyaye da yawa ke yin kuskure, su ɗauka kwaɗayi ne ko lalaci, alhali dalilin na cikin kwalbar maganin da ke kan teburinsa. Idan ɗanku yana shan maganin ƙwaƙwalwa, ku duba sunansa. Olanzapine da clozapine su ne kan gaba wajen buɗe ciki da ƙara nauyi, quetiapine da risperidone na biye. A magungunan ciwon damuwa akwai mirtazapine da amitriptyline. Akwai valproate da lithium da ake bai wa masu hawa da saukar yanayi. Akwai prednisolone da dexamethasone, da cyproheptadine wanda wasu ke sha da gangan don su yi jiki. Mai shan olanzapine zai iya ƙara kilo da yawa cikin watannin farko, kuma yunwar da yake ji ta gaske ce, ba raki ba.

Kada ku ce masa ya daina maganin. Yanke maganin ƙwaƙwalwa kai tsaye na iya dawo da ciwon da ƙarfinsa, yanke prednisolone bayan dogon sha kuma haɗari ne ga rai. Likitan da ya rubuta shi ne zai rage, ko ya canza zuwa wanda bai cika ƙara nauyi ba, kamar aripiprazole, ko ya haɗa masa da metformin, wani maganin ciwon suga.

Bayan magani sai barci. Wanda ke kwana yana latsa waya, ya samu awa 4 ko 5 kawai, sinadarin da ke tayar da yunwa a jikinsa yana ƙaruwa, mai sanar da ƙoshi yana raguwa, washegari kuma zaƙi da maiƙo zai nema. Baligi na buƙatar awa 7 zuwa sama. Idan yana minshari mai ƙarfi, numfashinsa na ɗaukewa ya farka a firgice, da rana yana gyangyaɗi, wannan shaƙewar numfashi ce ta cikin barci, ana gwada ta kuma ana maganinta.

Tabar wiwi na buɗe ciki. Giya na ɗauke da kuzari mai yawa kuma tana kwance wa mutum linzami. Wanda ya bar sigari ko wata ƙwaya kwanan nan shi ma yakan koma kan abinci, kuma a irin wannan hali kada ku matsa masa kan ci har ya koma wa abin da ya fi muni. Raunin ƙullin maƙogwaro da ake kira tayirod kan ƙara ɗan nauyi tare da kasala da jin sanyi. Ga 'ya mace, rikicewar al'ada da fitowar gashi a haɓa tare da ƙiba na nuni ga matsalar mahaifar ƙwai da ke tafiya da ƙin jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini.

Mafi yawan lokaci dai, a ƙarƙashin cin akwai ciwon damuwa, fargaba, ko wani rauni da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Abinci shi ne abin da ya samu wanda ke kashe raɗaɗin na minti 20. Duk wanda ya ƙwace masa shi bai ba shi madadi ba, ya bar shi da raɗaɗin tsirara.

Mataki na uku: ku daina abin da ke hura wutar

Wannan ya fi kowane mataki wuya, domin abubuwan da za ku bari ƙauna ce ta sa kuke yin su.

Ku daina tanka masa a lokacin cin abinci. “Ƙari za ka yi kuma?” da kallon kwanonsa ta gefen ido duk ɗaya ne a wurinsa. Ku daina gori da kwatance: “dubi ƙaninka”, “wa zai aure ki a haka”. Ku hana 'yan'uwa da baƙi zolayar tumbinsa a gabanku. Kunya ba ta rage wa kowa ci. Mayar da cin take yi ɗaki, a kulle ƙofa, kuma wanda aka tsangwama kan jikinsa ya fi kowa gudun asibiti, don yana jiran a maimaita masa gorin a can.

Ku daina kulle firji da ɓoye abinci. Baligi zai saya a waje, ya ci a mota ko a hanya, ku kuma kun rasa sanin halin da yake ciki.

Mafi muhimmanci, kada ku tura shi ga horon yunwa. Ga mai zarin ci, tsananin ƙuntata abinci shi ne man da ke tayar da injin. Ga yadda abin ke juyawa: ya yi zarin ci da dare, ya tashi da nadama, ya ƙi karyawa, ya tsallake na rana, da yamma yunwa ta kai shi bango, ya ci kaɗan daga abin da ya haramta wa kansa, ya ce ai an riga an ɓata, ya cinye duk abin da ya gani. Gobe a sake. An ga ƙarfin wannan a gwajin da Ancel Keys ya jagoranta a Jami'ar Minnesota a 1944 zuwa 1945, inda maza 36 masu cikakkiyar lafiya suka yarda aka rage musu abinci kusan rabi na wata 6. Tunanin abinci ya mamaye su, kuma da aka sakar musu mara wasunsu suka riƙa ci ba ƙaƙƙautawa har su yi rashin lafiya. Ba su da wani ciwo kafin nan. Yunwa ce ta koya musu.

Don haka shayin rage tumbi, ƙwayoyin da ake tallatawa a intanet, da tsarin “ruwa kawai na kwana bakwai” duk ku kauce musu. Yawancin irin waɗannan kayan maganin sa gudawa ne ko na sa fitsari a ciki. Ruwan jiki suke zubarwa, kitse na nan inda yake.

Mataki na huɗu: zaman magana

Mutum ɗaya ya yi maganar, wanda ɗan ya fi sakin jiki da shi. Idan uwa da uba da yayye suka taru a kansa, kotu ce aka kafa. A zaɓi lokacin da ba a gaban abinci ba, ba bayan an kama shi yana ci ba, ba kuma cikin fushi ba. Tafiya a mota ko zama gefe da gefe ya fi fuska da fuska sauƙi, don ba sai ya haɗa ido da ku ba.

Ku fara da abin da kuka gani a rayuwarsa, ku bar nauyinsa a gefe. Uwa za ta iya cewa: “Ɗana, na ga kwanan nan ba ka barci, ka daina fita wurin abokanka, kuma kamar akwai abin da ke damunka. Ba faɗa zan yi ba. So nake in ji yadda kake.” Sai ta yi shiru. Shirun nan zai yi nauyi, kada ku cike shi da nasiha. Idan ya ce “Ba komai, Mama”, amsar ita ce “To, na ji. Duk ranar da ka so magana ina nan.” Zaman farko ba don a warware komai ba ne. Ƙofa ake buɗewa.

Idan ya saki jiki, ku nemi izini kafin shawara: “Ka yarda in faɗi abin da ke tsorata ni?” Sannan ku faɗi abu ɗaya tak, tabbatacce: “Kakanka da babanka duk suna da ciwon suga, kuma na ga kana yawan tashi fitsari da dare. Ina so a gwada jininka, ni zan biya.” Roƙo ɗaya ƙarami da za a iya cikawa cikin mako guda ya fi “ka gyara rayuwarka” amfani nesa ba kusa ba.

Tambayar da ta fi buɗe bakin mai zarin ci ita ce: “Akwai lokacin da kake jin ka fara ci ka kasa tsayawa?” Da yawansu ba su san abin yana da suna ba, sun ɗauka su kaɗai ne a duniya. Idan ya ce e, kada ku nuna firgita. Ku ce masa ciwo ne sananne, yana da magani, kuma ba rashin tarbiyya ba ne.

Abin da ke ɓata irin wannan zama guda uku ne: tsoratarwa da mutuwa, kuka har ya koma shi ke rarrashinku, da tono tsofaffin laifuka. Idan murya ta fara tashi, ku tsaya, a bari sai wani mako. Minti 15 sun isa.

Mataki na biyar: asibiti, da lambobin da ya kamata ku sani

Ku fara da likitan gama-gari. Ku bar ɗan ya zaɓa ko ku shiga tare ko ku jira a waje, kuma ku sani likita ba zai faɗa muku sakamakon baligi ba sai da yardarsa. Amma babu abin da ya hana likita sauraron ku, don haka kuna iya rubuta abin da kuka lura a takarda, ɗan ya gani, a miƙa. A tafi da duk magungunan da yake sha a cikin kwalayensu, har da waɗanda ya saya da kansa.

Za a auna nauyi da tsawo a fitar da ma'aunin BMI: nauyi a kilo, a raba da tsawo a mita sau kansa. Mai kilo 100 da tsawon mita 1.70, wato 100 a raba da 2.89, ya samu kusan 34.6. Daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 an shiga ƙiba. Awon ƙugu ya fi wannan nuna haɗari, domin kitsen ciki shi ke kewaye hanta da hanji. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce kewayen ƙugu kada ya kai rabin tsawon mutum: mai santimita 170 ya kasance ƙasa da 85.

Sai gwajin suga. Idan an gwada kafin a ci komai da safe, 126 mg/dL zuwa sama (7.0 mmol/L) ciwon suga ne idan an maimaita an tabbatar, 100 zuwa 125 kuma bakin gaɓa ne. Gwajin HbA1c na nuna matsakaicin suga na wata 2 zuwa 3: kashi 6.5 zuwa sama ciwo ne, 5.7 zuwa 6.4 gargaɗi. Hawan jini ana tabbatar da shi idan ya tsaya a 140/90 ko sama a ranaku daban-daban. A nan ku kula da madaurin na'urar: idan ya yi wa damtse ƙanƙanta, lambar za ta fito sama da gaskiya, don haka a nemi babba. A ƙara da gwajin kitsen jini, hanta, ƙoda da tayirod, da sinadaran jini idan akwai amai.

Kada a fito ba a yi maganar abin da ke damunsa a rai ba. A faɗa wa likita kai tsaye cewa akwai ci da ba a iya tsayarwa, akwai baƙin ciki ko rashin barci. Idan aka yi shiru, abin da za a samu shi ne “ka rage ci, ka motsa jiki”, wanda ya ji sau ɗari.

Mataki na shida: maganin, da abin da ke gaba da wani

Idan ciwon zarin ci ne, a fara tsayar da zarin kafin a yi maganar rage nauyi. Juya wannan tsari shi ne dalilin da ya sa ƙoƙari da yawa ke rushewa.

Maganin da aka fi tabbatarwa shi ne zaman gyaran tunani da ɗabi'a da ake kira CBT, a hannun masanin halayyar ɗan Adam. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a ƙa'idojinta na 2017 ta ce a fara da littafin taimakon kai tare da mai bibiya, idan bai yi ba cikin mako 4 a koma zaman rukuni sau 16 cikin wata 4, ko zaman mutum ɗaya sau 16 zuwa 20. Kusan rabin waɗanda suka bi wannan hanya sukan daina zarin gaba ɗaya. Ku sani tun yanzu cewa sikeli ba zai motsa sosai a wannan lokaci ba. Ba faɗuwa ba ce. Nauyin da ke hawa kullum ya tsaya, wannan ma nasara ce.

Ginshiƙin tsarin shi ne ci a kan lokaci: manyan ci 3 da ƙananan 2 ko 3 a rana, ba a barin tazarar da ta wuce awa 3 zuwa 4, ba a tsallakewa ko da jiya an yi zari. Misali ƙarfe 7:30, 10:30, 1:30, 4:30, 7:30, da ɗan abu kafin barci idan dare ne lokacin da abin ke kama shi. A makonnin farko lokacin ake gyarawa, ba a damu da irin abincin ba tukuna. Iyaye kan tsorata su ce ai ƙara masa ci aka yi. A'a, jikin da ya tabbata abinci na zuwa nan da awa 3 ba ya yin wawaso. Shi ɗan zai riƙa rubuta abin da ya ci, lokacin, da halin da yake ciki. Littafin nasa ne da mai duba shi, kada ku buɗe. Za a koya masa cewa sha'awar zarin tana tasowa ta kai ƙololuwa ta sauka, don haka ya jinkirta minti 15 zuwa 20 da wani abin yi: wanka, fita waje, kiran aboki.

Akwai magunguna. A Amurka an amince da lisdexamfetamine don wannan ciwo a 2015, amma yana ɗaga bugun zuciya da hawan jini, ana iya sabawa da shi, kuma bai dace da mai tarihin shaye-shaye ko wasu cututtukan ƙwaƙwalwa ba. Allurar semaglutide, wadda aka amince da ita don ƙiba a 2021, ta rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyi cikin mako 68 a babban gwajinta, sai dai tana da tsada, tana sa tashin zuciya, kuma mafi yawan nauyin na dawowa idan an daina. Akwai jabunta a kasuwa, don haka ba abin saye ta waya ba ce. Tiyatar rage ciki an saba yin ta ga mai BMI 40, ko 35 tare da cuta kamar suga, kuma sai an daidaita zarin da damuwar kafin a shiga.

Idan lokacin rage nauyi ya zo, burin ya zama kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a wata 6, wato kilo 5 zuwa 10 ga mai kilo 100, ƙasa da rabin kilo a mako. Kamar kaɗan ne, amma a babban binciken rigakafin ciwon suga da aka buga a Amurka a 2002, masu bakin gaɓa da aka sa wa burin rage kashi 7 da motsa jiki minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin 100.

Mataki na bakwai: abin da gida zai canza

Idan tare kuke zaune, canjin ya zama na kowa. Tukunya ɗaya, teburi ɗaya. Ba a dafa wa mutum ɗaya dafaffen ganye sauran gida na cin soye a gabansa. Ku fara da abin sha, don nan ne riba ta fi sauri: gwangwanin lemo mai mililita 330 na ɗauke da suga kusan giram 35, wajen ƙaramin cokali 9, alhali iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba baligi ba ta wuce kusan giram 50 a rana ba. Mai shan uku kullum ya ninka iyakarsa kafin ya sa loma a baki. Ku daina jibge katan a gida. Wannan ba kulle firji ba ne, zaɓin abin da kuke saya da kuɗinku ne, kuma ku faɗa masa a fili.

A faranti, rabi ya zama kayan lambu, kwata nama ko kifi ko ƙwai ko wake, kwata hatsi ko makamancinsa. A zuba a kicin a kawo, kada a ajiye tukunya a tsakiya. Mai a auna shi da cokali, don babban cokali ɗaya na ɗauke da kalori kusan 120. Kuma ku uwaye, ku duba ko abinci shi ne yaren da kuke nuna ƙauna da shi. Idan duk ranar da ya shigo da ɓacin rai kuna tashi ku soya masa abin da ya fi so, ku maye gurbinsa da zama kusa da shi.

Motsa jiki gayyata ce, ba umarni ba. “Zo ka raka ni” ta fi “je ka yi gudu”. A fara da tafiyar minti 10 bayan cin abinci, a ƙara minti 5 duk mako, har a kai 30 sau biyar a mako. Mai nauyi sosai ya guji gudu da tsalle a farko saboda gwiwa, ya sa takalmi mai laushi, ya shafa man hana gogayya a cinya.

Idan ba tare kuke ba, kayan aikinku waya ce da ziyara. A cikin kira biyar, huɗu kada a ambaci ci ko nauyi. Idan kuna ba shi kuɗi kuma kun ga a odar abinci suke ƙarewa, ku biya abin kai tsaye: kuɗin haya, kuɗin likita, cefanen da kuka je tare. Ku sanar da shi tun kafin wata ya shigo, cikin sanyin murya, kuma kada ku rataya taimakon a kan sikeli. Uwa da uba su zama baki ɗaya, domin idan ɗaya na hanawa ɗaya na miƙawa a ɓoye, ɗan zai tsaya a tsakani kawai.

Idan ya koma, ko ya ƙi

Zai zame, kusan kowa na zamewa, musamman lokacin biki, rashin lafiya ko wani tashin hankali. Abin yi shi ne a ci abinci na gaba a kan lokacinsa kamar ba abin da ya faru. Ku auna ci gaba da abubuwan da suka fi sikeli gaskiya: kwana nawa ya yi ba zari, ya je wurin likita, yana barci, ya fara fita.

Idan ya ƙi asibiti ƙememe, haƙƙinsa ne muddin yana cikin hayyacinsa. Ku faɗi damuwarku sau ɗaya a fili, ku bar ta, ku sake ɗagowa bayan wata guda ko biyu, ko lokacin da wani abu ya taɓa shi da kansa, kamar ciwon gwiwa ko rasuwar wani sa'ansa. A tsakani ku ci gaba da canjin gida, ku nemi wani da yake ganin girmansa, kawu ko aboki, amma da saninsa. Ku ma ku ga likita idan barcinku da hawan jininku sun fara taɓuwa, kuma kada sauran 'ya'yan su zama 'yan kallo a gidan da duk hira ta koma kan mutum ɗaya.

Akwai lokutan da ba a jiran yardarsa ko wata mai zuwa. Ciwon ƙirji ko numfashi da ƙyar yana zaune. Karkacewar baki, nauyin harshe ko mutuwar ɓarin jiki. Ƙishirwa mai tsanani da yawan fitsari tare da amai, magagi ko numfashi mai zurfi da sauri, wanda ke nuna suga ya yi mugun hawa. Ciwon ciki mai tsanani da kumburi bayan zarin ci, musamman idan ya kasa amai. Aman jini, suma, ko bugun zuciya ba tsari ga mai sa kansa amai. Kumburin ƙafa ɗaya mai zafi. Duk waɗannan sashen gaggawa ake nufa nan take.

Haka nan idan ya fara cewa gara ba shi a duniya, ko ya zame muku kaya, ko ya fara rabar da kayansa. Ku tambaye shi kai tsaye: “Kana tunanin kashe kanka?” Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin. Idan ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe magunguna da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti a ranar, kuma ɗayanku ya zauna tare da shi har likitan ƙwaƙwalwa ya gan shi.